Shiga Kwamfutar Ofis Daga Daji: Yadda Ake Saita VPN a Kan Intanet ɗin Tauraron Ɗan'adam

A ƙaddara wata ya zo ƙarshe. Akantan wani kamfanin gina hanya yana sansanin ma'aikata a tsaunin Mambila, manhajar biyan albashi kuwa tana cikin kwamfutar da ya baro kan teburinsa a Kaduna. Layin waya ba ya kamawa a sansanin sai an hau kan dutse, amma akwai farantin intanet a bayan kwantenar da suka mayar ofis. Da daddare ma'aikata suna kallon ƙwallo da finafinai a kansa, ko gezau ba ya yi. Shi kuwa da ya kunna VPN ya buɗe fuskar kwamfutarsa ta Kaduna, sai komai ya koma tafiyar hawainiya. Ya danna 7, ya ɗaga yatsa, shiru. Ya ɗauka ba ta shiga ba, ya sake dannawa, sai ga 77 a gurbin alawus ɗin direba.

Abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne netwok ɗin ba ƙarfi, a ƙara kuɗi a sayi babban ƙunshi. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Ko an ninka masa megabit sau goma, lambar nan za ta ci gaba da makara, domin abin da ke damunsa nisa ne, kuma nisa ba ya sayuwa. Abin da ake iya yi shi ne a rage yawan kai da komowar da saƙo ke yi a wannan nisan.

Faɗin hanya daban, tsawonta daban

Intanet tana da ma'auni biyu da mutane suka saba haɗawa wuri ɗaya. Na farko faɗin hanya, wato yawan kayan da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, shi ne megabit ɗin da 'yan talla ke rubutawa da manyan baƙi. Na biyu jinkiri, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo da amsa, ana auna shi da milisakan, dubu ɗaya daga cikinsu ke yin daƙiƙa guda.

Kallon fim kamar tirelar buhunan masara ne daga Dawanau zuwa Legas. Ta yi kwana biyu a hanya, amma da zarar ta iso, wata na bin bayanta, mai shago ba zai rasa kaya ba. Sarrafa kwamfuta daga nesa kuwa ciniki ne ta hannun ɗan aike. A ce "nawa?", yaro ya ruga ya dawo. A ce "albarka", ya sake rugawa. Girman kwandonsa bai dami kowa ba, nisan kasuwar shi ne magana.

Taurarin sadarwa na asali suna can kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya biyu, inda gudunsu ya yi daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa faranti ke kallon wuri ɗaya har abada. Marubucin nan na Ingila, Arthur C. Clarke, ya bayyana wannan dabara tun 1945. A can NigComSat-1R na Nijeriya yake, wanda aka harba daga ƙasar Sin a watan Disambar 2011, haka ma taurarin da ke ɗauke da YahClick da Konnect. Lissafin ba shi da wuya. Saƙo ya hau sama, ya sauko tashar ƙasa, amsa ta hau, ta sauko kan faranti: tafiya huɗu ke nan, sama da kilomita 143,000. Haske na cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka an tashi da kusan milisakan 480 tun kafin wata na'ura ta taɓa saƙon. A aikace abin kan kai 600 ko ya ɗara. In kuma ofishin ma a kan irin wannan faranti yake, sai a ninka, a wuce daƙiƙa guda.

Taurarin Starlink, waɗanda aka fara harbawa da yawa a 2019, suna shawagi ne a wajen kilomita 550. Tafiya huɗu a nan kilomita 2,200 ce kacal, milisakan 7 ko 8. In aka haɗa da sauran hanyar ƙasa, jinkirin galibi ƙasa da 100 yake. Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da aka buɗe shi, a Janairun 2023, Ghana ta biyo baya a 2024, Nijar a 2025. Tsakanin waɗannan biyu akwai OneWeb a kilomita 1,200, da O3b a wajen 8,000 mai jinkirin kusan 150.

Saboda haka aikin farko shi ne a san wane irin faranti ne a bayan ɗaki, a kuma auna. A Windows, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta cmd, baƙin allo ya buɗe, a rubuta ping -n 50 8.8.8.8. Zai aika saƙo hamsin ya kawo jimilla a ƙasa. A duba abu uku: matsakaicin lokaci, tazarar da ke tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri, da yawan waɗanda suka ɓata a hanya. A rubuta su a takarda. Bayan an kunna VPN a sake yi, wannan karon da adireshin kwamfutar ofis. Bambancin lambobin biyu shi ne nauyin da VPN ya ɗora. Ƙasa da 100, mutum zai yi aiki kamar yana kan kujerarsa. Daga 200 yatsa ya fara jin jira. A 600 ana aiki, amma sai an sauya hali.

Ɗan kamashon da VPN ke rufe wa ido

Yawancin zirga-zirgar intanet kan tsarin TCP take, shi kuma mai tsantseni ne. Yakan aika kaya kaɗan, ya tsaya sai an ce masa "sun iso", sannan ya ƙara. A tsohon tsarinsa, abin da yake iya saki kafin ya tsaya bai wuce bayit 65,535 ba. In kowace amsa na ɗaukar milisakan 600, an tashi da ƙasa da megabit ɗaya a daƙiƙa, ko da hanyar ta megabit 20 ce. Kwamfutocin yanzu suna faɗaɗa wannan ma'auni da kansu, amma a hankali suke hawa, kuma ƙunshi ɗaya ya ɓata sai su ja baya.

Kamfanonin taurarin nesa sun daɗe da samo maganin wannan. Sun sa wata dabara cikin modem da tashar ƙasa, ana kiranta PEP. Aikinta irin na ɗan kamashon tasha ne: mai kaya ya miƙo buhu, tun mota ba ta tashi ba ya ce "an karɓa, kawo na gaba", shi kuma ya ɗauki alhakin isarwa. Da wannan ne shafukan intanet ke buɗewa da sauri-sauri a kan faranti mai jinkirin 600.

Sai dai ɗan kamasho ba ya aiki sai ya karanta rubutun da ke jikin buhu. VPN kuwa aikinsa ke nan ya zuba komai cikin akwati ya kulle, har da rubutun. Modem ba ya ganin ko TCP ne a ciki, balle ya amsa a madadin wani. Nan take kowane saƙo ya koma yin cikakkiyar tafiyarsa. Dalili ke nan da ya sa wanda ke sauke fayil cikin minti ɗaya zai ga ya koma minti goma da kunna VPN, ba tare da wani abu ya lalace ba. Masu Starlink ba su cika jin wannan ba, tunda tafiyarsu gajera ce.

Zaɓen VPN da saita shi

'Yan Nijeriya da yawa sun san VPN ne lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Wancan na kasuwa ne, wanda ke sa mutum ya bayyana kamar yana Holan ko Amurka. Ba shi ake nufi a nan ba, kuma kunna shi tare da na ofis ƙarin wahala ne kawai. Wanda ake magana shi ne ramin sirri tsakanin kwamfutar ma'aikaci da cikin ofishinsa.

Ƙa'ida ta farko: a ɗora ramin a kan UDP, ɗan'uwan TCP da ba ya tsayawa jiran amsa. In aka ɗora shi a kan TCP, an sa mai tsantseni cikin mai tsantseni. Ƙunshi ɗaya ya ɓata, na waje ya sake aikawa, na ciki ma ya gaji da jira ya sake aikawa, hanya ta cushe da maimaici. OpenVPN, wanda James Yonan ya fitar a 2001, yana iya duka biyun, kuma ƙofarsa ta asali 1194 ce. A buɗe fayil ɗin saitinsa a duba layin da ya fara da proto, a tabbata udp ke gabansa. WireGuard na Jason Donenfeld, wanda ya shiga cikin Linux a 2020, UDP kaɗai ya sani, gaisuwarsa tafiya ɗaya ce da dawowa, kuma in layi ya yanke ya dawo, ci gaba yake yi ba tare da sabuwar sallama ba. IKEv2, da ke zuwa cikin Windows da wayoyin iPhone, shi ma yana da kyau, yana bin ƙofofin 500 da 4500. PPTP kuwa a manta da shi. An daɗe da karya kullensa, Apple ya cire shi daga na'urorinsa tun 2016, kuma ba ya shiri da irin hanyar da Starlink ke raba adireshi.

Ƙa'ida ta biyu: a duba inda ramin ya ɓulla. Zirga-zirgar masu Starlink a Nijeriya ta Legas take shiga intanet. In sabar VPN tana Kaduna ko Abuja ko Legas, tafiyar gajera ce. In an yi hayarta a Landan ko Frankfurt don ta fi araha, kowane danna maɓalli zai tsallaka teku ya dawo kafin ya isa Kaduna, kuma kowace tsallakawa da dawowa tana cin wajen milisakan 100. An gudu daga tauraron nesa, ba a tsira ba.

Ƙa'ida ta uku: a raba hanya. Babu dalilin da zai sa WhatsApp da YouTube da sabunta Windows su bi ta cikin ramin ofis. A WireGuard akwai layin AllowedIPs. In 0.0.0.0/0 ke rubuce, komai ta ramin zai bi. In aka mayar da shi zangon adireshin ofis kaɗai, misali 192.168.10.0/24, sai aikin ofis ya bi rami, sauran su bi hanyar kowa, inda ɗan kamasho ke iya taimaka musu. Wasu ma'aikatu, musamman bankuna, suna hana wannan da gangan saboda tsaro, don haka sai da izinin mai kula da kwamfutocin ofis.

Akwai wata cuta mai rikita mutane: VPN ya nuna ya haɗu, ping yana tafiya, amma fuskar kwamfutar nesa ta tsaya baƙa, ko shafi ya buɗe rabi ya maƙale. Sau da yawa girman ƙunshi ne, abin da ake kira MTU. Hanyar intanet ta saba ɗaukar bayit 1,500 a ƙunshi ɗaya, VPN kuma yana ƙara nasa marufi a kai, shi ya sa WireGuard ke farawa da 1,420. In hanyar ta fi haka ƙunci, ƙananan saƙonni su wuce, manya su maƙale a ƙofa. Ana gwadawa da ping -f -l 1472 sannan adireshi. In ya ce sai an tsaga ƙunshin, a rage lambar da goma-goma har ta wuce, a ƙara 28 a kai, shi ne ainihin faɗin ƙofar. Wanda ba ya son lissafi ya sa MTU = 1280 a saitin WireGuard ya gani, in cutar ta tafi an gano ta. A OpenVPN layin mssfix ke wannan aiki.

Ƙananan abubuwa biyu sun rage. A sa PersistentKeepalive = 25 a WireGuard, don ramin ya riƙa motsi duk daƙiƙa 25 kada na'urorin hanya su ɗauka an tashi su rufe. Sannan a duba karon adireshi. Rautar Starlink tana raba adireshi masu farawa da 192.168.1, ofisoshi da yawa ma haka. In gida biyu suka zama lamba ɗaya, kwamfuta za ta nemi sabar Kaduna a cikin kwantenar Mambila. Sai a sauya zangon ɗaya daga cikinsu.

In kwamfutar da ake nema ce ke bayan faranti

Wani lokaci abin a juye yake. Injiniya yana Kano, yana so ya shiga kwamfutar wata gona ko asibitin karkara da ke kan Starlink. A nan zai ci karo da CGNAT. Adireshin intanet na tsohon tsari ya yi ƙaranci a duniya, don haka kamfani kan tara masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, kamar gidan haya mai ƙofar zaure ɗaya da ba a rubuta sunan kowa ba. Na ciki yana fita ya dawo, baƙo kuwa ba ya sanin ɗakin da zai ƙwanƙwasa. Alamar ita ce adireshin da rauta ta samu daga waje ya faɗo tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255. In haka ne, duk buɗe ƙofar da aka yi a rauta aikin banza ne.

Mafita ita ce na ciki ya fara miƙo hannu. Manhajoji irin su Tailscale, wanda aka gina a kan WireGuard, da ZeroTier, ana sa su a kwamfutocin biyu, kowace ta fita ta nemi 'yar'uwarta. In sun haɗu kai tsaye, madalla. In ba su samu ba, sai su bi ta wata tashar tsakiya, jinkiri ya ƙaru, kuma umarnin tailscale status yana nuna wanne ake ciki. TeamViewer da AnyDesk da Chrome Remote Desktop ma a kan wannan dabarar suke. Hanya ta biyu ita ce a sayi tsarin 'yan kasuwa na Starlink, wanda ke ba da adireshi na kai. Ta uku sabon tsarin adireshi na IPv6, wanda Starlink ke bayarwa, amma sai ɗaya ɓangaren ma yana da shi.

Rage wa fuskar kwamfuta ado

Manhajar Remote Desktop ta Windows tana buɗewa in aka rubuta mstsc. Kafin komai, a sani cewa Windows Home yana iya shiga wata kwamfuta amma ba a shiga shi, sai Pro ko Enterprise ko Education. Mutane da yawa sun ɓata yini a kan wannan.

Kafin a danna haɗawa, a buɗe Show Options. A shafin Display a rage girman allo, misali zuwa 1366 da 768, a sauke launi daga bit 32 zuwa 16, a cire amfani da allo biyu. Lissafin albashi ba ya bukatar launi miliyan goma sha shida. A shafin Local Resources a kashe sauti, a cire firinta da faifan ajiya in ba a bukatarsu, a bar kwafa da mannawa kawai. A shafin Experience akwai jerin irin hanyoyi, cikinsu har da wanda aka rubuta wa Satellite, an yi shi ne domin hanya mai faɗin megabit 2 zuwa 16 da dogon jinkiri. A zaɓe shi, sannan a cire alamar hoton bango, da santsin haruffa, da rawar menu, da nuna cikin taga yayin jan ta. Biyu kawai za a bari: Persistent bitmap caching, wanda ke ajiye guntayen hoton da aka riga aka gani don kada a sake aiko su, da sake haɗawa in layi ya yanke. A ajiye saitin a fayil a kan tebur don kada a maimaita gobe.

Tun daga Windows 8, wannan manhaja tana amfani da UDP tare da TCP, kuma hakan yana taimakawa a hanya mai jinkiri. In aka ga hoto yana daskarewa alhali ping lafiya lau, mai kula da kwamfutoci yana iya kashe UDP ɗin a gwada, domin wasu ramukan VPN ba sa jituwa da shi. Masu AnyDesk da TeamViewer kuma su zaɓi saitin da ya fifita saurin amsawa a kan kyan hoto.

Halin aiki a kan dogon jinkiri

Saiti yana da iyaka, sauran a hannun mai aiki yake. Linzami shi ne ya fi shan wahala, domin kowane motsi sai ya je ya dawo kafin ido ya gani. Maɓallai sun fi: Tab don tsallakawa gurbi na gaba, Ctrl da S don ajiyewa, Page Down maimakon murza linzami, wanda ke sa a sake zana allon gaba ɗaya sau da yawa. Doguwar wasiƙa a rubuta ta a kwamfutar da ke gaba, a kwafa a manna can. A danna sau ɗaya, a ƙirga biyu a zuci, kafin a sake.

Buɗe fayil ɗin Excel kai tsaye daga foldar ofis ta cikin VPN shi ne mafi munin abin da za a yi. Tsarin raba fayil na Windows surutu gare shi, tambaya da amsa ɗaruruwa kafin fayil ɗaya ya buɗe, kowace kuma da nata 600. Ko dai a buɗe shi a can cikin kwamfutar nesa, hoto kawai ya zo, ko a kwafo shi gaba ɗaya a yi aiki a mayar. Wajen kwafowa, umarnin robocopy tare da /Z yana ci gaba daga inda ya tsaya in layi ya yanke, haka rsync tare da --partial a Linux. Ƙananan fayiloli ɗari a dunƙule su cikin zip ɗaya tukuna.

Taron Zoom ko Teams a yi shi a kwamfutar da ke gaba ko a waya, kada a yi shi cikin ta nesa. Bidiyo ta cikin Remote Desktop yana cin data ba kaɗan ba, kuma tsarin taurarin nesa da yawa suna rage gudu in mutum ya cinye kasonsa na wata.

Masu kula da saba ta baƙin allo suna da Mosh, wanda Keith Winstein ya fitar a jami'ar MIT a 2012. Yana nuna harafi nan take kafin saba ta tabbatar, kuma yankewar layi ba ta kashe shi. In aka haɗa shi da manhajar tmux, aikin da aka fara yana ci gaba ko hadari ya ɗauke faranti.

Ƙofar da ba a barinta a buɗe

Wanda VPN ya gajiyar yakan ji sha'awar ya buɗe ƙofar Remote Desktop, wato 3389, a rautar ofis ya shiga kai tsaye. Kada a kuskura. Akwai na'urorin ɓarayi da ba su da aiki dare da rana sai zagaya intanet suna taɓa wannan ƙofa suna gwada kalmomin sirri, kuma tana cikin manyan hanyoyin da masu kulle bayanai su nemi fansa ke shiga. A Mayun 2019 aka bayyana ɓarakar BlueKeep, wadda ke ba da damar shiga tsofaffin Windows ba tare da kalmar sirri ba. Tsananinta ya sa Microsoft ya fitar da gyara har ga Windows XP, wanda ya daina kulawa da shi tun 2014. Remote Desktop a bayan VPN yake zama, da doguwar kalmar sirri, da saitin Network Level Authentication a kunne.

Tabbaci na biyu ma yana da tarko ga mutumin daji. In ofis yana turo lambar shiga ta saƙon tes, wanda ke sansanin da ba layin waya ba zai taɓa ganinta ba. Tun yana gari ya koma manhaja irin su Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, masu fitar da lamba shida duk daƙiƙa 30 ba tare da netwok ba, muddin agogon wayar daidai yake. Sannan duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, a sauke manhajar shiga waya daga nesa ya gyara asusu, ɗan damfara ne.

Hadari, wuta da bishiya

Ruwan sama mai ƙarfi yana shanye siginar zangon Ku da Ka da waɗannan taurari ke amfani da su, kuma Ka ya fi jin jiki. A damina, in gabas ta yi baƙi, a ajiye aiki tun kafin iska ta taso. Farantin tauraron nesa yana kuma ɗaukewa na 'yan mintoci a wasu ranakun Maris da na wajen Satumba zuwa Oktoba, lokacin da rana ta daidaita da bayan tauraron. Starlink kuwa sarari yake so, tunda taurarinsa wucewa suke yi. Reshen darbejiya ɗaya ko tankin ruwa ya isa ya riƙa yanke layi na daƙiƙa biyu-uku a kai a kai. Mai kallon fim ba zai lura ba, mai VPN zai lura. Manhajar Starlink tana da wurin duba sararin sama da kyamarar waya kafin a kafa, tana kuma nuna jerin yankewar da aka yi.

Babban farantin Starlink yana cin wajen wat 75 zuwa 100, ƙaramin Mini bai kai rabin haka ba. Duk ɗaukewar wuta sai ya ɗauki mintoci kafin ya dawo, don haka a sa shi kan inbata, ba kan janareta kai tsaye ba.

Can Kaduna ma akwai aiki. A hana kwamfutar ofis yin barci. A shiga BIOS a kunna saitin da ke tashe ta da kanta in wuta ta dawo. A bar wa wani amintacce makullin ofis, wanda za a iya ce wa ya je ya danna maɓalli. In layi ya yanke ana tsakar aiki, Windows ba ya rufe abin da ke buɗe, yana nan yana jira a dawo, sai in mutum ya fita daga asusunsa da kansa.

Akantan nan, kafin ya sake hawa Mambila, zai zauna a Kaduna ya cire kwamfutar tafi-da-gidanka daga intanet ɗin ofis, ya haɗa ta da datar wayarsa, ya kunna VPN, ya shiga kwamfutar da ke gabansa kamar yana nesa. Zai cire filogin ta tebur ya mayar, ya ga ko ta tashi da kanta ta karɓe shi. Zai sa wayar a yanayin jirgin sama ya ga ko lamba shida tana fitowa. Lambobin ping na ranar zai rubuta su a bayan littafinsa, tare da adireshin kwamfutar da lambar wayar mai riƙe da makulli.